Daga Siminti Zuwa Ƙasa: Kundin Kula da Kunkuru Biyu a Kano

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau da hantsi aka kawo babban kunkurun nan daga gidanmu na gado da ke cikin birni zuwa gidana da ke Rijiyar Zaki, tunda magada sun amince a rushe tsohon ginin ƙasar a tayar da sabo, kuma babu wanda ya yarda ya karɓe shi sai ni. Majiya ƙarfi huɗu ne suka ɗora shi a kan buhu, suka cicciɓe shi zuwa cikin A Daidaita Sahu, kuma tun daga Ƙofar Kabuga har muka iso bai fito da kansa ba ko sau ɗaya, sai dai huci da yake yi duk lokacin da muka faɗa rami. Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da yake ci da nauyinsa da duk wani sauyi da na gani a jikinsa, saboda dabbar da ke iya wuce shekara 70 a duniya ba a gane ciwonta ko samun sauƙinta a kwana biyu, sai an tara watanni an gwada na jiya da na yau.

Da za mu fito, Gwaggo ta rako mu har soro, ta dafa bayansa ta ce, "Ɗan nan, tun ina yarinya Baba ya kawo shi gidan nan, kuma abin da muka ci shi yake ci. Ka riƙe shi amana." Na ce mata, "In Allah ya yarda, Gwaggo." Ta faɗi haka ne da zuciya ɗaya, kuma babu shakka an so dabbar nan a gidanmu, amma maganarta ta tsaya mini a rai, domin abin da muka ci ɗin shi ne tuwo da shinkafa da ragowar wake da ɓawon kankana, kuma ba don irin wannan cima aka halicci cikinsa ba.

Mun auna shi da sikelin rataye irin na masu hatsi, ya ba da kilo 41, tsawon ƙoƙon bayansa kuwa santimita 66. Namiji ne, domin ƙoƙon ƙirjinsa ya loɓa ciki, wutsiyarsa doguwa ce, kuma ƙahonnin nan biyu da ke ƙarƙashin wuyansa sun fito sosai. Ƙirjin ya goge saboda jan ciki a kan siminti, bakinsa na sama ya yi tsawo har ya rufe na ƙasa saboda bai samu abu mai tauri da zai riƙa cinye shi ba. Abin da ya fi damuna shi ne hudar da aka yi masa a gefen ƙoƙo ta wajen ƙafar baya, inda aka zura sarƙa shekara da shekaru. Mutane da yawa suna ɗaukar ƙoƙon kunkuru tamkar ƙwarya da aka kifa masa, alhali kuwa haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe suka zama haka, akwai jini da jijiyoyi a ciki, kuma yana jin zafi idan aka huda shi. Na sa an yanke sarƙar tun kafin magariba. Yara sun raɗa masa suna Dattijo.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, 2024

Aikin ya ƙaru. Ɗan yayata ya ji labarin cewa na karɓi Dattijo, sai ga shi da kwali a hannu, a ciki akwai ɗan ƙaramin kunkuru da ya saya a bakin titi wata takwas da suka wuce, ya ajiye shi a ɗaki yana ba shi latas da tumatir da abincin kaji. Ya ce, "Kawu, ya daina tafiya sosai, ko za ka duba shi?" Nauyinsa giram 540, tsawonsa santimita 13. Da na danna ƙirjinsa a hankali da babban yatsa sai na ji yana lotsawa kamar murfin roba, kuma kowane gida na ƙoƙon bayansa ya yi tsini ya tashi, maimakon ya kwanta sumul. Laushin ƙashi ne, wanda rashin sinadarin kalsiyam da rashin hasken rana ke haddasawa, domin sai rana ta taɓa fatarsa kai tsaye jikinsa ke samar da bitamin D3 da zai ba shi damar amfani da kalsiyam ɗin, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki. Tsinin ƙoƙon kuwa ana danganta shi da bushewar wurin da ƙaramin kunkuru ya taso da kuma abinci mai saurin gina jiki, kuma wanda ya riga ya fito ba ya komawa.

Su biyun iri ɗaya ne, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, ana gane shi da ƙayoyin da ke bayan cinyoyinsa. Ba baƙo ba ne a wajenmu. Mazauninsa na asali shi ne gefen kudancin Sahara, daga Muritaniya da Senegal, ya ratso Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi da Sudan, har zuwa Habasha da Eritriya. Shi ne na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. A Turai da Amurka ana kiwonsa da fitilu na musamman da ɗakuna masu ɗumi domin a kwaikwayo masa yanayin da mu muke da shi kyauta a tsakar gida, mu kuma sai mu kulle shi a kwali ko mu ɗaure shi a kan siminti.

Na yi wa yaron faɗa a kan sayen, ba da zafi ba. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sanya wannan kunkuru cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa a daji, saboda kamu da kuma yawan kiwo da noma da ke cinye mazauninsa. Yana cikin jerin CITES, yarjejeniyar taƙaita cinikin namun daji tsakanin ƙasashe da aka ƙulla a Washington a 1973, wadda Najeriya ke ciki, kuma tun shekarar 2000 aka hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje domin kasuwanci. Duk wanda ya sayi ɗan kunkuru a bakin titi, ya ba mai kamun kuɗin motar komawa daji ne. An sa wa ƙaramin suna Auta.

Laraba, 4 ga Disamba, 2024

An gama katangar garken yau. Na ware mita 9 a tsawo da mita 6 a faɗi a bayan gida, na sa an fasa simintin da ke wurin, aka zuba jar ƙasa tifa ɗaya aka gauraya da yashi. Sai da muka ja da maginin a kan tushen ginin, yana cewa, "Alhaji, katangar da ba ta wuce bulo huɗu ba, me za ta yi da tushe mai zurfin santimita 60?" Na nuna masa ƙafafun Dattijo na gaba, masu faɗi da kauri kamar bakin shebur, na ce masa ba don nauyin gini ba ne, don mai haƙa ne. A daji wannan dabba tana haƙa rami mai tsawon mitoci da dama, a ciki take fakewa daga zafin rana da sanyin dare, kuma danshin cikin ramin shi ke hana ƙananansu bushewa.

Na ƙi yin amfani da waya ko ƙarfe mai raga, domin duk abin da kunkuru ke hango bayansa, zai yini yana tunkuɗarsa har ya ji wa kansa ciwo ko ya ture shi. An kafa rumfar zana a kusurwar gabas, an gina ɗan akurki na bulo mai ƙofa a kusurwar da iskar hunturu ba ta bugawa, an kuma yi kwarmin ruwa mai faɗi wanda zurfinsa bai wuce santimita 10 ba, gefensa a kwance domin ya shiga ya fita da kansa. Kunkurun tudu ba ya iyo, kuma ruwan da ya rufe masa hanci zai iya kashe shi.

Auta ba zai zauna da Dattijo ba. Na keɓe masa wani ɗan fili da katako a gefe, an rufe samansa da raga saboda shaho da hankaki da ɓeraye, kuma na sa masa fasasshiyar tukunyar ƙasa a kife, da jiƙaƙƙiyar ƙasa a ƙarƙashinta, ta zame masa rami. Da aka saki Dattijo a garken, ya fi awa biyu yana bin gindin katangar yana zagayawa, sa'an nan ya tsaya a tsakiya ya miƙe wuya da ƙafafu a rana.

Juma'a, 27 ga Disamba, 2024

Sauya abinci ya fi ginin wuya. Kunkurun nan mai kiwo ne kamar saniya, hanjinsa na dogara da ƙananan halittun da ke narkar da ciyawa a hankali, saboda haka abin da ya kamata ya rinjayi cimarsa shi ne ciyawa, ɗanya ko busasshiya. Tuwo da shinkafa da 'ya'yan itace masu zaƙi suna ɓata wannan tsari su sa gudawa, wake da abincin kaji da nama kuwa suna ɗora wa ƙoda nauyi. Amma dabbar da ta shekara fiye da hamsin tana cin tuwo ba ta san ingirici abinci ba ne. Kwana tara Dattijo ya yi yana shinshinar ciyawar yana wucewa, yana zuwa ƙofar garke ya tsaya daidai lokacin da ake kwashe tuwon dare. Maiɗakina ta ce, "Malam, anya ba mu ɗauki alhakinsa ba?" Ni ma na ji nauyin abin, sai dai na san babban kunkuru mai ƙoshin jiki yana iya jure kwanaki ba ci matuƙar yana shan ruwa, tunda a daji ma haka yake wuce rani.

Dabarar da ta yi aiki daga wani dattijo mai sayar da ciyawa a bakin titin Gwarzo na samo ta. Na gaya masa abin da nake ciki, sai ya ce, "Alhaji, ai a garinmu da muna yara muna ganinsu bayan ruwan fari. Ciyawa suke ci, har ƙashi suna gaigaya. Ka yayyanka masa ita ƙanana, ka jiƙa, ka cuɗa da abin da ya saba." Haka na yi. Na daddatsa busasshiyar harkiya da almakashi, na jiƙa ta a ruwan ɗumi na minti ashirin, na cuɗa ta da gurzajjiyar kabewa, kuma kowane kwana uku ina rage kabewar ina ƙara ciyawar. Yanzu yana cinye faranti guda, kuma kashinsa ya fara fitowa a dunƙule, da zaren ciyawa a ciki kamar na jaki, maimakon mai ruwa da warin da ya zo da shi.

Ban da ciyawa, ina ba su ganyen rama da lalo da ganyen dankalin Hausa da na kabewa, waɗanda nake samowa a kasuwar 'Yankaba. Zogale kaɗan nake sawa, sau ɗaya a mako. Alayyahu na rage shi ƙwarai saboda yana ɗauke da sinadarin da ke riƙe kalsiyam ya hana jiki amfana da shi. Harawa ma ban mai da ita abincin kullum ba duk da sauƙin samunta. Sau uku a mako ina barbaɗa wa abincin Auta garin ɓawon ƙwai da aka tafasa aka shanya aka daka. Na kuma bi garken na tuge wata 'yar tumfafiya da ta tsiro a gindin katanga, na hana yara jefa ganyen zaƙami ko zurma ko bini-da-zugu a ciki, domin dukkansu guba ne.

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Auta ba shi da lafiya, kuma sakacina ne. Daren Asabar ma'aunin zafin da na rataye a garke ya sauka zuwa digiri 12 da asuba, ni kuwa na bar shi a ƙarƙashin tukunyarsa mai danshi ban shigo da shi ba. Danshi da ɗumi alheri ne gare shi, amma danshi da sanyi ciwo ne. Ran Lahadi na ga kumfa tana fitowa daga hancinsa, idanunsa sun kumbura, yana miƙa wuya yana buɗe baki idan zai ja numfashi. Wannan irin kunkuru ba ya barcin hunturu kamar na ƙasashen sanyi, kuma ba ya iya tari, saboda haka majinar da ta sauka huhunsa ba ta da hanyar fita cikin sauƙi.

Jiya na je wani shagon magungunan dabbobi, na yi wa mai shagon bayani. Ya ɗauko wata kwalba ya ce, "Alhaji, wannan allurar muke yi wa awaki da tumaki, ba ta barin tsutsa ba ta barin kaska, ka yi masa kaɗan zai miƙe." A jikin kwalbar an rubuta Ivermectin. Allah ya sa na kira likitan dabbobin da wani abokina ya haɗa ni da shi kafin in biya kuɗi. Bai bari na ƙarasa karanta sunan ba ya ce, "Malam, kada ka kuskura. Wannan maganin yana shanye wa kunkuru jiki, ya kashe shi." Na rubuta wannan a nan da babbar murya, domin maganin yana ko'ina a gidajen masu kiwo a Kano, kuma mai shagon bai faɗa da mugun nufi ba, abin da ya sani game da awaki ne ya ɗora wa dabbar da ba akuya ba.

Likitan ya zo da yamma, ya auna Auta domin ya daidaita yawan maganin da nauyinsa, ya yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta a tsokar ƙafar gaba. Ya bayyana mini cewa an fi yin ta a gaba ne saboda wani sashe na jinin da ke fitowa daga ƙafafun baya yana bi ta ƙoda kafin ya zaga jiki. Ya ce a riƙe shi a ɗumin da ya kai digiri 28 dare da rana, domin jikin kunkuru ba ya yaƙar cuta cikin sanyi, kuma maganin ma ba zai yi aiki yadda ya kamata ba. Da yake ba a dogara da wutar lantarki, na sa shi a akwatin katako a ɗakina, da jarka biyu na ruwan zafi naɗe da tsumma, ina sauya ruwan da tsakar dare da kuma asuba. Wani ya ba ni shawarar kaskon gawayi, na ƙi, saboda hayaƙinsa a rufaffen ɗaki haɗari ne gare shi da mu baki ɗaya. Dattijo kuma an shimfiɗa masa ingirici mai kauri a akurki, ana rufe ƙofar da buhunan algarara da zarar an yi sallar isha'i.

Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025

Kumfar hancin ta ɗauke tun kwana shida da suka wuce, kuma shekaranjiya Auta ya ci ganyen rama da kansa. Ya rame zuwa giram 505. Kullum da ƙarfe goma na safe ina fitar da shi rana na awa ɗaya, da inuwa a kusa domin ya koma idan ya ji zafi, sa'an nan in zaunar da shi minti goma sha biyar a ruwan ɗumi da bai wuce haɓarsa ba.

Likitan ya duba kashin su biyun da madubin asibiti, ya ga ƙwan tsutsa da yawa a na Dattijo, ya ba shi maganin sha da ya dace da jinsinsa, aka ɓoye shi a cikin yankin kabewa. Ya kuma rage masa tsawon bakin da ƙaramin injin gurza, aikin da ya ɗauki mutum uku da kusan awa guda, saboda idan Dattijo ya ja kansa ciki ya rufe da ƙafafu, babu mai iya fito da shi da ƙarfi, sai an jira ya gaji. Na kafa doka a gida cewa duk wanda ya taɓa su ko kwanukansu sai ya wanke hannu da sabulu, kuma ba a wanke kwanukan a inda ake wanke na abinci, domin kunkuru na iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa ba tare da ya nuna alama ba, ita kuwa tana sa mutum zawo da zazzaɓi, musamman ƙananan yara.

Alhamis, 20 ga Maris, 2025

Azumi ya kai kwana ashirin, zafi ya fara shigowa. Bayan la'asar na tarar Dattijo ya fara haƙa a gindin rumfa, yana kwarzar ƙasa da ƙafafun gaba yana watso ta baya. A iya sanin Gwaggo, bai taɓa samun ƙasar da zai haƙa ba tun da aka dafe tsakar gidanmu da siminti. Na tsaya ina kallonsa har aka kira magariba.

Litinin, 21 ga Afrilu, 2025

Ramin ya kai mita biyu da rabi bisa ga sandar da na zura, ya gangara a karkace ya nufi kudu. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 41 a inuwar rumfa da azahar, amma da na ɗaura shi a sanda na tura shi ƙarshen ramin na minti goma, ya fito da 30. Wannan bambanci shi ne dukan sirrin rayuwar dabbar nan a Sahel. Yanzu tsarin yininsa ya sauya: yana fitowa bayan fitowar rana ya ci, ya koma ƙasa kafin ƙarfe goma, ba a sake ganinsa sai rana ta yi sanyi.

Abin da nake sa wa ido a wannan wata shi ne fitsarinsa. Kunkuru yana adana ruwa a mafitsara, kuma yana fitar da wani farin abu tare da fitsarin, wanda shi ne dattin da ƙodarsa ta tace. Idan farin ya fito da laushi kamar kindirmo, ruwan jikinsa ya wadata. Idan ya fito da gari-gari kamar dakakken alli, to ƙishirwa ta fara kama shi, kuma idan aka daɗe a haka sai ya dunƙule ya zama dutse a mafitsara, ciwon da ya yawaita a wannan jinsi kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Makon jiya na ga na Dattijo da tsakuwa-tsakuwa a ciki, saboda haka na koma cika masa kwarmin ruwa sau biyu a rana, ina kuma zuba masa ruwa a baya da buta da sassafe, abin da ke sa shi ya sunkuyar da kai ya sha. Yau ya fito da laushi. Akwai masu cewa kunkuru ba ya shan ruwa tunda dabbar hamada ce, kuma wannan magana ta halaka da yawa daga cikinsu a gidaje.

Na hana baƙi ɗaga Auta domin ɗaukar hoto, saboda idan ya tsorata yakan saki duk ruwan da ya tara. Na kuma kwashe wasu bulo da aka jingine a garke, bayan da na tarar Dattijo yana ƙoƙarin hawa kansu. Huhun kunkuru a sama yake, daf da ƙoƙon baya, kuma idan ya kife a wannan rana babu kowa a kusa, ba zai daɗe ba.

Lahadi, 8 ga Yuni, 2025

An yi Babbar Sallah shekaranjiya. Kafin Sallar, saboda ƙarancin wuri, an ɗaure ragunan layya biyu a jikin katangar garke na kwana biyar ba da sanina ba, suna ci daga ingiricin kunkuran. Yau na duba Dattijo da kyau, na sami kaska uku a laushin fatar da ke tsakanin cinyarsa da ƙoƙo. Na cire su da hantsaki, ina kamawa daf da fata ina ja a hankali domin kada kan ya karye a ciki, na goge wurin da ruwan aidin. Ba zan sake haɗa su da dabbobin gida ba, kuma kariyar ta ɓangare biyu ce: a shekarar 2000 Amurka ta hana shigo da wannan kunkuru da wasu iri biyu daga Afirka, saboda kaskar da ke jikinsu na iya ɗaukar wata cuta da ke tara ruwa a kewayen zuciyar shanu da tumaki da awaki.

Cikin masu zuwa gaisuwar Sallah, wani ya ce in sayar masa da Dattijo domin ya ji ana cewa ajiye kunkuru na tsare gida, wani kuma ya ce me zai hana in kai su gidan zoo na Audu Bako in huta, na ukun ya ce in kai su dajin Falgore in sake. Sayarwa babu ita. Sakin kuwa ba taimako ba ne, domin dabbar da ta daɗe a hannun mutane na iya kai wa na daji cuta, kuma Falgore da ke kudancin jihar ya fi mazauninsu na asali ruwa da duhuwa. A Senegal akwai cibiyar kunkuru a ƙauyen Noflaye kusa da Dakar, inda ake kula da irin waɗannan, kuma mayar da su daji aiki ne na masana, da gwajin lafiya da bibiya. Gwaggo ta zo, aka kai ta bakin garke, ta daɗe tana kallon ramin, sa'an nan ta ce, "Ashe abin da yake so ke nan, ɗan nan."

Asabar, 19 ga Yuli, 2025

Damina ta zauna, garken ya yi kore. Kiri-kirin da na dasa a watan jiya ya kama, ga harkiya da guɗe-guɗe da suka fito da kansu, kuma Dattijo yana kiwo da bakinsa safe da yamma, har na daina yanka masa komai. Na raba garken biyu da katako domin rabi ya huta yayin da yake cin ɗaya rabin. Ba na karɓar ciyawar bakin titi ko ta gefen gonar da aka yi wa feshi, sai wadda na san inda aka yanko ta, kuma na fara shanya kyasuwa da harkiya a inuwa domin tanadin rani.

Awon yau: Dattijo kilo 43, Auta giram 790 da santimita 15. Ƙirjin Auta ya yi tauri, sai ɗan wuri kaɗan a tsakiya da ke motsi idan an danna. Sabon tsiron da ke fitowa a tsakanin gidajen ƙoƙonsa, wani siririn layi mai haske, a kwance yake fitowa ba a tsaye ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, 2025

Ruwan daren Talata ya shiga ramin. Tun ƙarfe biyu na dare na farka da ƙarar ruwa a kan kwano, na fita da tocila, na tarar ruwan indararon maƙwabta yana zubowa ta kan katanga kai tsaye zuwa gindin rumfa, bakin ramin ya zama kududdufi. Dattijo yana ciki. Ni da babban ɗana muka kama haƙa ta sama da shebur da fartanya, muna bin inda sanda ta nuna mana a watan Afrilu, muna tsoron kada rufin ramin ya rufta masa. Bayan kusan minti arba'in muka kai gare shi, ruwa ya kai masa rabin ƙoƙo, ya miƙa wuya sama iyakar iyawarsa. Muka zura buhu ta ƙarƙashinsa muka jawo shi, muka kai shi akurki muka goge shi da tsumma, muka rufe shi da busasshen ingirici.

Kuskuren a wajen zaɓen wuri ne, domin na kafa rumfar a mafi ƙasƙancin kusurwa ban lura da inda ruwa ke bi ba, shi kuma ya bi inuwa ya haƙa a nan. Kwana biyu ke nan ina duba hancinsa safe da yamma, babu kumfa, kuma yau ya ci ciyawa kamar yadda ya saba. Jiya aka cike tsohon ramin. Maginin zai dawo ran Asabar domin a ɗaga ƙasar kusurwar arewa da santimita 50, a mayar da rumfar can, a fara masa bakin sabon rami da rufin kankare a kan tudun, a kuma ja ƙaramar kwata a gindin katanga da za ta fitar da ruwa waje. Na yi magana da maƙwabcina a kan indararon, ya amince a sa masa bututu. Har a gama wannan aiki Dattijo zai riƙa kwana a akurki da ƙofa a rufe, kuma awo na gaba ranar 1 ga Satumba ne, tare da sake gwajin kashin su biyun a wajen likita.